Yadda Mai Jinyar Tiyatar Ƙafa Zai Shagaltu Da Aikin Hannu Ba Tare Da Ya Fama Ciwonsa Ba

Wanda aka yi wa tiyata a ƙafa, ko saboda karaya a idon sawu, ko tsinkewar agara, ko gyaran yatsan da ya karkace, yakan baro asibiti da umarni guda wanda faɗarsa ba wuya amma cika shi sai mai haƙuri, wato kada ya taka ƙafar nan har sai likita ya ba shi izini. A kwanakin farko gida cike yake da 'yan dubiya, ana shigowa da kwanukan abinci da ledojin lemo da ayaba, ana yi masa sannu ana addu'ar Allah ya sa kaffara ne, saboda haka ba ya jin tsawon yini. Amma da zarar an yi mako guda ko biyu sai ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkar gabansa, a bar shi daga shi sai rufin ɗaki da wayar hannu. A wannan lokaci ne mutane da yawa suke ɓata aikin da likita ya yi, domin gundurar zama ce take sa magidanci ya ce bari ya ɗan dogara ya leƙa shago, ko uwargida ta ce bari ta ɗan tsaya ta tuƙa tuwo tunda yara sun dawo daga makaranta.

Ni kaina na yi irin wannan zama a gidanmu da ke cikin birnin Katsina, bayan na faɗi a kan babur aka sa mini ƙarfe a idon sawun dama, kuma abin da zan bayyana a nan na tsince shi ne a cikin waɗannan makonni, wani daga bakin ma'aikatan asibiti, wani daga tsofaffin gida, wani kuwa sai da na yi kuskure na gane shi. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba kowane aiki ne ya dace da mai ɗinki a ƙafa ba. Aikin da ya dace da shi shi ne wanda zai iya yi ƙafarsa tana ɗage a kan matashi, wanda kuma zai iya ajiyewa a duk lokacin da ƙafar ta fara zogi ba tare da wani abu ya lalace ba. Duk aikin da zan ambata a nan da wannan mudu na auna shi.

Ka fara sanin halin ƙafar

Ƙafa tana da ƙasusuwa 26 a cunkushe cikin ɗan ƙaramin wuri mai ƙarancin tsoka, kuma ita ce gaɓar da ta fi nisa da zuciya. Idan mutum yana da lafiya, naman sha-raɓarsa ne yake matsa jijiyoyi a duk takun da ya yi, ya tura jini ya koma sama. Da zarar an hana shi tafiya, wannan famfo ya tsaya, don haka idan ya sauke ƙafar ƙasa sai jini da ruwa su taru a cikinta ta kumbura, kumburin kuma ya ja bakin ɗinki, ya ƙara zafi, ya jinkirta warkewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a makonni biyun farko ƙafar ta kasance sama da saitin zuciya a mafi yawan lokaci. Mutane da yawa suna zaton idan sun zauna a kujera suka ɗora ƙafa a kan 'yar tsugunno sun cika umarni, alhali kuwa a wannan zama ƙafar tana ƙasa da ƙirji nesa ba kusa ba. Abin da ake so shi ne ka kishingiɗa, ka jera matasai biyu ko uku a ƙarƙashin sha-raɓa, ka bar dunduniya tana reto ba ta danne a kan komai ba, domin dunduniyar da ta daɗe a danne a cikin siminti, wato ɗaurin da likita yake yi wa ƙafa, takan yi gyambo ba tare da mai ita ya sani ba.

Galibi ana cire zaren ɗinki bayan kamar kwana 14, ƙashi kuma yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, kumburi kuwa yana iya zuwa yana komawa har watanni. Waɗannan ƙididdiga ce ta gama-gari, kuma maganar likitan da ya buɗe ƙafarka ya ga abin da ke ciki ita ce gaba da su. Mai ciwon suga da mai shan taba su sani cewa nasu lokacin yakan fi haka tsawo, domin suga idan ya hau yana hana rauni kamewa, taba kuma tana rage jinin da yake kaiwa ga ƙashi.

Gyara wurin zama

Kafin ka ɗauki allura ko kwarashi, ka sa a gyara maka wurin da za ka yi makonni a cikinsa. A jawo gado ko katifa kusa da taga ko bakin ƙofa, yadda hasken rana zai riƙa sauko maka ta gefen kafaɗa, domin ɗinki a cikin duhu yana gajiyar da ido, dogaro da wutar lantarki kuwa kowa ya san yadda yake a garuruwanmu. A ajiye fitila mai caji da tocila inda hannu zai kai. A sama maka faifai mai faɗi ko tire wanda za ka riƙa ɗorawa a cinya a matsayin tebur, da kwando guda wanda duk kayan aikinka za su zauna a ciki, da gorar ruwan sha mai murfi. Allura kuwa a tanadar mata guntun soso ko tsohon sabulu da za a riƙa soke ta a jiki duk lokacin da aka ajiye aiki, saboda allurar da ta ɓace a cikin zanen gado ta mutumin da ba ya iya tashi ya kakkaɓe shimfiɗa ba ƙaramar fitina ba ce.

Hanyar da ke tsakanin gadonka da banɗaki ita ma tana buƙatar gyara. A naɗe tabarma da darduma da ke kan hanya, a kawar da wayar caji da takalman yara, a kuma lura da dokin ƙofa. Yawancin tsakar gidajen Katsina da Daura rairayi ne, kuma sandar dogarawa takan nutse a cikinsa ta karkatar da mutum, a kan siminti ko tayil mai laima kuma takan zame, musamman idan robar da ke gindinta ta cinye. Ka sa a daidaita tsawon sandunan yadda za a sami tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin kansu da hamata, ka kuma ɗora nauyinka a tafin hannu, domin dogara hamata a kansu yana danne jijiya har hannu ya mutu, kuma hannun nan shi ne jarinka a wannan zama. Idan akwai matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, mai ciwo da sanduna kuma su ne suke fara sauka.

Abu guda da na koya da wahala shi ne mai sanduna biyu ba shi da hannun ɗaukar kaya. Wata rana da safe na ga kunyar kiran maiɗakina a karo na uku, na ce bari in ɗauko kofin shayi da kaina, na maƙale shi da yatsu biyu a jikin sanda. Ban yi taku huɗu ba shayin ya zube a ƙasa, sandar ta zame, na dafa ƙafar da aka ce kada in taka. Da ta rugo ta same ni a jingine da bango, abin da ta ce kawai shi ne, "Haba Malam, da ka kira ni mana." Sai da aka koma asibiti aka sake ɗaukar hoto kafin hankalinmu ya kwanta. Tun daga ranar na rataya 'yar jaka a wuya, duk abin da bai shiga cikinta ba, ko ba shi da murfi mai ɗaurewa, sai in jira a kawo mini.

Makonni biyun farko

A wannan lokaci kada ka ɗora wa kanka buri. Jiki bai gama warwarewa daga allurar barci ba, kuma wasu magungunan kashe zafi, irin su tiramadol, suna sa gyangyaɗi da jiri, don haka bai kamata mai shan su ya riƙe wuƙa ko reza ko basilla ba. Ayyukan da suka dace su ne waɗanda ake yi a kishingiɗe: naɗe zare a jikin kwali, warware ulu da ya cukurkuɗe, sake shirya carbin da ya tsinke, jera duwatsun wuya ko na hannu a sabon zare. Magidanci zai iya sa a kawo masa jakar takardun gida, ya ware takardun fili da rasiɗan makaranta da katunan asibiti da takardun haihuwar yara, aikin da kowa yake cewa zai yi in ya sami lokaci amma shekaru su wuce bai yi ba. Mai shago ya karɓi littafin bashi ya daidaita shi, uwar adashi ta sake rubuta jerin 'yan zubi da ranakun kwasa. Wanda yake da haddar da ta fara zubewa kuwa ya sami damar da ba lallai ya sake samun irinta ba, domin shafi guda bayan Asuba da maimaici bayan La'asar ba sa buƙatar ƙafa. Rediyo ta fi waya amfani a wannan mataki, saboda tana barin hannu da ido su yi aiki, waya kuwa takan cinye yini da kuɗin data ta bar mutum da ciwon wuya.

Ɗinkin hula

Bayan an cire zare, kuma likita ya yarda ka riƙa zama a miƙe da ƙafa a ɗage, to lokacin aikin hannu na sosai ya yi, kuma a ganina babu wanda ya kai ɗinkin hula dacewa. Kayansa ba su da nauyi, ba ya son wuta ko ruwa, ana iya tsayawa a tsakiyar layi a ci gaba gobe, kuma tsawon lokacin da hula mai cikakken aiki take ɗauka a hannun sabon shiga ya yi daidai da tsawon jinya. Sana'a ce da maza da mata suke yi a ƙasar nan, kuma da wuya a rasa wanda ya iya ta a unguwa.

Ni gwaggona ce ta ɗora ni a kai. Ta zo dubiya ta tarar ina ta shafa waya, ta zauna ta yi shiru tana kallona, can ta buɗe jakarta ta fito da ƙyalle mai zane da allura ta ce, "Ɗan nan, ajiye abin nan ka miƙo hannunka." Na ce, "Gwaggo, ai ban iya ba." Ta ce, "Wa aka haifa da iyawa?" Ta yi mini layi guda a hankali ina kallo, ta miƙo mini, ta sa na warware nawa har sau uku kafin ta ce ya fara kama hanya.

Ga yadda sabon shiga zai fara. A aika kasuwa a sayo ƙyallen hula wanda an riga an yi masa zane, domin zana shi sana'a ce daban, a kuma faɗa wa mai sayarwa lambar kan wanda zai sa hular, tunda da inci ake aunawa, kamar 22 ko 23. Kada ka fara da zane mai cunkoso irin na manyan huluna da ake ji da su, su zanna bukar da tangaran. Ka nemi mai sauƙi mai launi biyu ko uku. Kada zaren da za ka zura ya wuce kamu guda, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, saboda dogon zare yana ƙullewa yana kuma yin gashi kafin ya ƙare. Ka fara bin iyakokin zane tukuna kafin ka cike ciki, kuma ka gama launi guda a ɓangaren da kake kafin ka koma wani. Babban sirrin aikin yana wajen jan zare: idan ka ja da ƙarfi ƙyallen zai tattare hular ta tsuke ta ƙi shiga kai, idan ka sassauta da yawa ɗinkin zai yi burdin-burdin ya kama ƙura. Gwaggo takan juya ƙyallen ta duba bayansa kafin ta duba gabansa, domin a baya ne ake gane hannun da ya natsu. Ka wanke hannu kafin ka fara, musamman bayan cin abin da ke da manja ko goro, kuma idan ka ajiye aikin ka naɗe shi a cikin tsumma mai tsabta, balle a lokacin hunturu da ƙura take shiga ko'ina. Idan jikin hular ya kammala sai a ɗinka samanta daban a haɗa, sannan a kai wa masu wankin hula su wanke ta su sa mata sitaci ta tsaya. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya karɓar aikin ƙwadago daga masu sayar da huluna, waɗanda suke ba da ƙyalle da zare su biya ladan ɗinki, amma ban ba da shawarar a karɓi aikin da aka yanka wa rana ba, kamar na Sallah ko na biki, domin wa'adi yana sa mutum ya ƙi hutawa lokacin da ƙafa ta nemi hutu.

Ka riƙa yin minti talatin ko arba'in kana ajiyewa. A wannan hutu ka kishingiɗa ka mayar da ƙafa sama, ka motsa yatsunta idan an ba ka izini, ka lanƙwasa gwiwa ka miƙe, ka jujjuya lafiyayyar ƙafar, ka kuma ɗaga kai ka kalli nesa don ido da wuya su huta. Wannan motsi ba don jin daɗi kawai ba ne, yana cikin abin da yake hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa.

Sauran sana'o'in zaune

Saƙa da kwarashi ta fi ɗinkin hula saurin nuna sakamako, kuma wadda ta iya za ta iya fitar da hular jariri ko safa a yini guda ko biyu. Idan jinyar ta faɗo a hunturu, abu na farko da ya kamata a saƙa shi ne 'yar jaka mai sako-sako da za a rufe yatsun da suka leƙo daga bakin siminti, domin sanyin asuba yana dukansu, safar kanti kuma ba ta shiga. Saƙar faifai da mafici ita ma aikin zaune ce, sai dai kabar goruba tana son a jiƙa ta kafin ta yi laushi, saboda haka a ajiye kwanon ruwan a ɓangaren lafiyayyar ƙafa, a kuma yi hankali da basilla. Masu tufkar igiya sun saba maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafa su ja, to wannan ɗabi'a sai a bar ta, a ɗaure bakin a ƙafar gado ko a jikin taga. Kaɗi da mazari, wanda kakanninmu mata suka rayu a kansa tun ƙasar Funtuwa da Malumfashi suna cika kasuwanni da auduga, ya yi ƙaranci yanzu, amma idan akwai tsohuwar da ta iya a gida, wannan zama dama ce ta karɓar abin daga hannunta kafin ya tafi da ita.

Tela kuwa sai ya yi haƙuri da keken ƙafa, ko da lafiyayyar ƙafar zai taka da ita, domin zaman keke yana tilasta wa mai ciwon ta yi reto a ƙasa na tsawon lokaci. Ya tsaya ga aikin da ake yi a cinya, kamar sa maɓalli, kalmasa, yanke zaren da ya yi saura, da aikin hannu na wuyan riga.

Ayyukan gida

A nan ne mata suka fi shiga matsi, domin gida ba ya tsayawa don uwargida tana jinya, kuma ita kanta ba ta jin daɗin ganin abubuwa suna tafiya ba yadda ta saba ba. Mafita ita ce a raba kowane aiki biyu, a kawo mata rabin da ake yi a zaune, wani ya yi rabin da ake yi a tsaye. Girki kusan rabinsa gyaran kaya ne: tsintar shinkafa da wake, ɓarar gyaɗa da agushi, tsinke zogale da rama da alayyafo, yanka kuɓewa don shanya, ɓare tafarnuwa, cire hancin tattasai da attaruhu kafin a kai markaɗe. Duk waɗannan da faifai a cinya ake yin su. Haka nan ninke wanki, tsefe kan yara da yi musu kitso idan za su zauna a gefe ba tare da sun jingina da ƙafar ba, duba musu aikin makaranta, da biya musu allo. Idan lokacin kaka ne, ɓarar gyaɗa kaɗai ta isa ta cinye makonni, kuma aiki ne da ake yi ana hira da 'yan dubiya, har su ma su sa hannu.

Abin da za a bari gaba ɗaya shi ne daka, da tuƙa tuwo, da jan ruwa a rijiya, da wanki, da shara, da goyo. Zama a gaban murhu ma ban yarda da shi ba ko da a kan kujera ne, domin sau da yawa ƙafar da aka yi wa aiki ba ta jin zafi yadda ya kamata, kuma tartsatsi ko tafasasshen ruwa zai iya yi mata illa kafin mai ita ta ankara. Saboda wannan dalili ne kuma bai kamata a kusantar da kaskon wuta ga ƙafar da sunan ɗumama ta a lokacin sanyi ba. Maigida da manyan yara maza su san cewa ɗaukar tukunya da ɗebo ruwa a waɗannan makonni ba ya rage wa kowa daraja, kuma ya fi sauƙi a kan a sake biyan kuɗin tiyata.

Tsarki da salla

Siminti da bandeji ba sa son ruwa ko kaɗan, domin laima tana lalata simintin tana kuma jawo wa rauni ƙwayoyin cuta. Wajen wanka a zauna a kujerar roba, a ɗora ƙafar a kan bokitin da aka kifa, a naɗe ta da tawul sannan a rufe da leda a ɗaure, a riƙa zuba ruwa da kofi a hankali, kuma kada a amince wa ledar ɗari bisa ɗari. Masai na tsugunno ba zai yiwu ba, sai a sami kujerar da aka huda tsakiyarta a ɗora a kai, wadda kowane kafinta ko mai walda zai iya haɗawa. Game da alwala, malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda yake da ɗauri a gaɓa yana shafa a kansa ne a maimakon wankewa, kuma damshin hannu ya wadatar. Salla kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito ya warware ta, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Saboda haka babu dalilin da zai sa mutum ya lanƙwashe ƙafar da aka ɗaure da ƙarfe don ya kai goshi ƙasa.

A lokacin bazara, sa'ad da zafin Katsina yake haura digiri 40, gumi yakan sa cikin siminti ƙaiƙayi mai tsanani, kuma a daidai nan ne kayan sana'a suke zama haɗari, domin kwarashi da tsinken saƙa suna kusa da hannu kuma kamar don susa aka ƙera su. Kada ka zura komai a ciki, ko tsinke ko hoda ko mai. Fatar da ke ciki ta yi laushi, ƙaramin ƙarzane zai zama gyambo a inda ido ba ya gani. Ka juya fanka ko mafici zuwa bakin simintin, ko ka ɗan ƙwanƙwasa shi daga waje.

Lokacin da za a ajiye aiki a nufi asibiti

Shagala da aiki tana da amfani, amma tana iya sa mutum ya ƙi kula da abin da jikinsa yake faɗa masa. Idan yatsun ƙafar suka yi fari fat ko suka yi duhu, ko suka yi sanyi, ko ka daina jin taɓi a jikinsu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa duk da ka ɗaga ƙafar ka sha magani, to simintin ya matse ko kumburi ya yi yawa, kuma wannan ba abin jiran gobe ba ne. Haka nan zazzaɓi, ko wari, ko ruwa yana ɓullowa ta jikin bandeji. Ciwo da kumburi da ɗumi a sha-raɓa alama ce ta daskarewar jini, idan kuma aka sami ciwon ƙirji ko numfashi yana sarƙewa, to a nemi mota nan take ko da tsakar dare ne. Cikin masu zuwa dubiya ba za a rasa wanda zai ba da shawarar a kira mai ɗori ya duba ko ya murza ƙafar ba. Ka yi masa godiya cikin mutunci, amma ƙafar da likita ya buɗe ya daidaita da ƙarfe ba ta bukatar hannu na biyu.

Idan ranar komawa asibiti ta zo, musamman ga wanda aka yi wa aiki a nesa, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda tafiyarsa daga Katsina ta kai kusan kilomita 170, a ba shi kujerar baya shi kaɗai ya miƙe ƙafar a kan matashi, a kuma tsaya a hanya ya ɗan motsa. Ya tafi da ɗinkinsa a jaka, domin layin ganin likita yakan yi tsawo. Bayan an ɗauki hoto an ga ƙashi ya kama, za a fara ba shi izinin taka ƙafar kaɗan-kaɗan, a tura shi sashen gashin ƙashi, kuma atisayen da za su ba shi shi ne zai zama babban aikinsa na yini, hula da kwarashi su koma na bayan La'asar. Ayyukan tsaye a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a fara da na minti goma, a duba ƙafar da dare: idan ta kumbura fiye da jiya, gobe a rage, a mayar da ita kan matashi, a ɗauko faifai a ci gaba daga inda aka tsaya.